Adireshin Tanti Safta

Shekara ashirin da shida ke nan ina gasa burodi a Layin Tasha. Na ga mutane iri-iri a bakin kantata, amma idan aka ce in faɗi wanda har yau in na tuna shi nake ajiye abin da ke hannuna, to Tanti Safta ce. Tanti dai haka muke kiran dattijuwar mace a nan.

Gajeruwar mace ce mai faɗin kafaɗa, kullum da ɗankwali ruwan toka ɗaure a ƙarƙashin haɓa. Hannuwanta jajur suke kamar yanzu ta tsamo su daga ruwan zafi, kuma dama a ruwan zafin suka tsufa. Tana da shekara goma sha bakwai ta baro ƙauyensu ta zo garin nan na bakin kogin Danube, ta samu aiki a gidan wankan gwamnati da ke ƙarshen layinmu. Shekara talatin da ɗaya ta yi a can tana raba sabulu da tawul, tana cuɗa bayan tsofaffi, har ranar da aka ce kowa ya samu banɗaki a gidansa, aka garƙame wurin da kwaɗo. Mijinta ma'aikacin jirgin ruwa ne, ciwon huhu ya ɗauke shi 'yarsu Ilinka tana aji uku. Ilinka ta girma ta tafi Italiya aikin kula da tsofaffi. Sai ya rage Tanti ita kaɗai a ɗaki guda, a hawa na huɗu, a bayan kasuwa. Kowace safiya takan shigo ta sayi rabin burodi. Ban taɓa ganin ta sayi guda ba.

Layinmu a da layin arziki ne. Duk wanda ya sauka daga jirgin ƙasa ta gabanmu yake bi. Da masana'antar ƙera jiragen ruwa ta sallami ma'aikata, abubuwa suka fara sauyawa a hankali. Wani ya sayar da gidansa ya shanye, wani matarsa ta kore shi, wani 'ya'yansa suka sa shi sa hannu a takardar da bai karanta ba. Da farko a ɗakin jiran fasinja suke kwana. Da aka sa wa tashar ƙofar ƙarfe aka ce sai mai tikiti, sai suka gangaro wurinmu, domin bututun ruwan zafi da ke ɗumama gidajen gari ta ƙarƙashin barandar shagunanmu ya bi. Ko dusar ƙanƙara ta rufe gari, dakalinmu da ɗuminsa.

Ba zan ɓoye ba, mun sha wuya. Ka zo buɗe shago ka tarar da mutum uku a ƙofa, ga kwalabe, ga fitsari ya gangara har kan titi. Warin kuwa ko ƙamshin burodina bai iya danne shi ba. Mata suka koma tsallaka titi da yaransu su bi ta ɗaya gefen. Mai sayar da furanni ita ta fara rufewa, don wa zai sayi furen biki a inda sai ya toshe hanci? Mai kayan zaki ya bi ta. Ni kuma kullum da safe sai in watsa bokitin ruwan bilic a dakali. Wata rana ma ban jira mutumin ya tashi ba, na watsa har kan bargonsa, a watan Janairu. Ya ɗago ya dube ni, ya naɗe jiƙaƙƙen bargon ya wuce.

Mun kai kuka. Mun rubuta takarda, shago goma sha huɗu muka sa hannu. 'Yan sanda suka ce kwanciya ba laifi ba ce, mu je ofishin jin daɗin jama'a. Can aka ce su masu katin shaida kaɗai suke dubawa, mu je ofishin tsafta. Masu tsafta suka turo mota ta kwashe barguna da kwalaye, bayan kwana biyu mutanen suka dawo, ba bargo. Ana gab da zaɓe aka kafa wani ƙaton allo a filin bayan tasha, da zanen gidan kwana mai hawa biyu, har da itatuwa da mutane suna murmushi. Zaɓe ya wuce, ciyawa ta fito, allon ya yi tsatsa. Ƙarshenta wani daga cikin masu kwanan titin ya cire shi ya yi rufi da shi.

Sai muka kira taro a shagona, wata Asabar da rana. Pandele mai takalma, wanda shagonsa ke jikin nawa, shi ya fi kowa zafi.

"Ƙusoshi!" in ji shi, yana dukan kanta. "A kafa ƙusoshin ƙarfe a dakalin kowa, irin yadda ake yi wa tattabaru. In ga wanda zai kwanta."

Ana cikin hayaniya Tanti Safta ta turo ƙofa. Ranar ta makara.

"Nistor, rabin burodina," ta ce da ni. Na yanka na miƙa mata. Ta sa a jaka, amma ba ta fita ba. Ta juya ta dubi Pandele daga sama har ƙasa.

"Kai Pandele, ni na cuɗa wa uwarka baya tana da cikinka. Tun a ciki kake shure-shure. Gaya mini, me ke korar masu sayen takalminka, mutum ko wari?"

"Haba Tanti, ai duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne. Ɗaya yana fita da sabulu."

Wasu suka yi dariya, Pandele ya haɗe rai. Ita ko kallonsu ba ta yi ba, ta dawo kaina.

"Tankin nan da ke jikin murhunka, ruwansa tafasa yake yi a banza tun safe har azahar. Ga rumfar buhuna a bayan gida ba komai a ciki. Ka ba ni ranar Alhamis, bayan ka rufe."

Da ma in ce tausayi ne ya sa na yarda. Lissafi na yi: in warin ya ragu, masu saye za su dawo. Na ce mata to, amma kada a shigo mini ta cikin shago.

Ta zo da wani tsohon bahon ƙarfe da ta ɗauko ranar da aka rufe gidan wanka, da almakashi, da reza, da sabulun wanki. Alhamis biyu ba wanda ya zo. A ta uku ta fita da kanta, ta zauna a dakalin Pandele kusa da wani ƙato da duk muke tsoro, wanda gemu ya rufe masa fuska har ido. Ba ya bara, ba ya magana, ɗingishi kawai yake yi. Ban san abin da ta ce masa ba. Na dai ga ta taho a gaba yana biye da ita, ita iyakarta ƙirjinsa.

Ni ke ɗebo ruwa, don haka komai a idona aka yi. Takalminsa bai fita daga ƙafarsa ba tun kaka. Ta ja, ya yi ƙara. Sai ta durƙusa ta yanka fatar takalmin da almakashi, a hankali, kamar mai fere kabewa. Safar ta manne da nama. Warin da ya taso ya sa na ajiye bokiti na ruga bakin magudana na yi amai. Da na dawo na tarar ta tsoma ƙafar cikin ruwa mai ɗumi da gishiri, tana zare safar zare-zare da yatsunta, fuskarta ko yamutsewa ba ta yi ba. Hira ma take yi masa, wai kabejin bana bai yi tsami da kyau ba, mutanen yanzu ba su san yawan gishirin da ake zubawa ba.

"Yaya sunanka, ɗan nan?" ta tambaye shi can.

Ya daɗe kafin ya amsa, kamar sai da ya nemo sunan a wani wuri.

"Toader."

"To Toader, yatsu biyu sun tafi, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ƙafar tana nan. Shiga."

Muka kama shi ya shiga bahon. Sau uku muna sauya ruwa. A na ukun sai na ga kansa ya langaɓe a bakin baho, na tsorata na ce ko ya suma ne.

"Barci ne," in ji ta. "Bar shi. Wata nawa ya yi bai rufe ido biyu lokaci guda ba? Ƙaro ruwan zafi kada ya huce."

Ta zauna a kan juyayyen bokiti tana riƙe da haɓarsa don kada ta nutse, fiye da rabin awa. Ni ina tsaye da buta a hannu, na rasa abin da zan yi da kaina. Na je coci tun ina yaro, na ga hotunan tsarkaka a bango, amma ban taɓa tsayawa gaban abin da ya sa na ji ya kamata in cire hulata ba sai ranar. Na kuwa cire.

Ta gama yi masa aski ke nan Pandele ya faɗo ta ƙofar baya, zai yi ƙorafin ruwan dauɗa da ya gangara wajensa. Ya buɗe baki, sai ya tsaya.

"Nea Toader? Shugaban masu walda?"

Nea dai haka muke kiran namiji babba don girmamawa. Ashe shekara da shekaru Toader ne ke kawo wa Pandele ma'aikata sayen takalman aiki, har ƙofar ƙarfen shagon Pandele shi ya haɗa ta da hannunsa. Wata biyar mutumin yana kwana a jikin ƙofar nan, Pandele yana tsallake shi. Toader ya sunkuyar da kai. Pandele ya juya ya fita. Jim kaɗan ya dawo da kwali, ya dire shi a ƙasa.

"Lamba arba'in da shida. Ba mai sayensu, sun yi girma, cika mini wuri kawai suke yi."

Maganar ƙusoshi ba a sake tayar da ita ba.

Wanka ya zama na kowace Alhamis, maza da farko, mata daga baya, matata tana taimakawa a na matan. Amma ƙafar Toader ce ta buɗe wa Tanti ido kan abin da ya fi dauɗa. A asibiti an wanke ciwon an ɗaure, aka ce sauran magani sai da katin shaida. Nasa an sace tun bara. Ta kai shi ofishin kati, aka ce sai da adireshi. Ba gida, ba kati. Ba kati, ba magani, ba aiki, ba fansho. Ta tambayi matar da ke bayan gilashi abin da ake nufi da adireshi. Matar ta ce mai gida ya zo da takardar gidansa, ya sa hannu cewa mutumin a wurinsa yake zaune.

"Shi ke nan?" in ji Tanti.

Washegari ta koma da takardar ɗakinta a cikin leda. Bayan wata ɗaya Toader ya samu kati, aka yi masa aiki a ƙafa. Aka kuma gano ashe fanshonsa na shekarun walda yana nan yana jiransa, ba wanda ya san inda za a aika masa.

Labari ya bazu. Bayan Toader sai wata tsohuwar mai saƙa, bayanta wasu 'yan'uwa biyu, haka dai. Ba ta tambayar mutum me ya kai shi titi. Sharaɗinta ɗaya ne, a yi wanka kafin a je ɗaukar hoto, wai ba za ta yarda a ga 'yan ɗakinta da ƙazanta a katin gwamnati ba. Wasiƙu suka yi yawa har mai kawo su ya fara tsokanarta.

"Tanti, wai a tsaye suke kwana, ko rataye su kike yi kamar kifi?"

"Jere su nake yi kamar cokula. Kai ma in matarka ta gaji da kai akwai wuri kusa da taga."

A shekara ta huɗu takarda ta zo cewa za a turo mai bincike. Ta ce in zo in zauna mata a matsayin shaida. Wannan ne karo na farko da na shiga ɗakinta. Gado ɗaya, tebur ɗaya, kujera biyu, hoton Maryamu a lungu da fitilar mai a gabansa. Bango guda kuma kwalayen takalma ne daga shagon Pandele har silin, kowanne da sunan mutum, wasiƙunsa da takardun asibitinsa a ciki.

Mai binciken, wani Zaharia, mutum ne mai kamar shekara arba'in, siriri, da jaka a hammata. Hawa huɗun nan ya sa shi haki.

"Zauna, ɗan nan, ga miya da tuwon masara," ta ce.

"Na gode, Tanti, a bakin aiki nake. A takarda, mutum sittin da uku ne ke zaune a ɗakin nan."

"Da huɗu. Ka manta da ni."

Ya dubi gadon, ya dubi kwalayen. "Ina suke?"

"Sun ɗan fita. Sa hularka in kai ka."

Na zaci wasa take yi. Awa uku muka yi muna yawo, tsohuwa 'yar shekara saba'in da biyu a gaba, mu biyu muna binta. Ta kai shi barandarmu, ta kai shi bayan kasuwar kifi, ta kai shi ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, ta kai shi wani tsohon sito a bakin kogi. Duk inda muka tsaya sai ta kira suna, mutum ya leƙo. Ba takarda a hannunta. Wannan direban tarakta ne daga ƙauye kaza, ciwon suga gare shi, allurarsa ta ƙare ranar Litinin. Waccan malamar lissafi ce, kada ka yi mata magana da ƙarfi. Wancan ya samu aikin gadi, ranar Lahadi kawai yake zuwa. Zaharia yana bin jerin sunayensa da biro, yana sa alama, ba ta yi kuskure ko a ɗaya ba. Tun yana tambaya har ya daina. Ƙarshe ta kai mu maƙabarta, can gefen da ake binne marasa dangi, ta nuna masa kaburbura tara, kowanne da gicciyen ƙarfe da Toader ya haɗa, da suna a jiki.

"Waɗannan sun tashi daga wurina," ta ce. "Kana iya cire su."

Ya tsaya yana juya biro a hannu. "Tanti, ni abin da aka aiko ni shi ne in soke duka."

"To soke mana, aikinka ne. Amma kafin ka tafi ka rubuta mini inda kowa zai koma, don in san inda zan kai masa wasiƙarsa."

Ya rufe jakarsa, ya sunkuya ya sumbaci hannunta, irin yadda ake yi wa iyaye, ya tafi. Muka yi ta jiran hukunci, wata ɗaya, wata shida, shekara. Shiru. Ba a soke ba, ba a kuma taimaka ba. Takardar ta shiga inda tamu ta shiga. Pandele ya ce wannan ne karo na farko da barcin hukuma ya amfane mu.

Ita kuwa ba ta bar su sun yi barcin cikin daɗi ba. Kowace Talata takan sa baƙar rigarta ta zuwa coci, ta je ofishin gari ta zauna a benci, tana neman abu ɗaya: mabuɗin tsohon gidan wanka. Famfo goma sha biyu ne a ciki, in ji ta, da tukunyar dafa ruwa da ta san kowace ƙusa tata. Ba ta neman albashi. Kullum amsar ita ce ana nazari. Magajin gari uku suka zo suka wuce tana kan bencin nan, masu gadin ƙofa har shayi suke ba ta. Na taɓa ce mata, "Tanti, kin san fa ba za su bayar ba."

"Na sani."

"To wahalar ta mece ce?"

"Don kada wani ya ce ba a gaya masa ba."

Kada a ɗauka layinmu ya koma yadda yake a da. Mai furanni ba ta dawo ba. Akwai matan da suka daina sayen burodina har yau, wai ana gasa shi kusa da kwarkwata. An fasa mini gilashi sau biyu. Wani da ta yi wa wanka da hannunta ya sace mata tukunyar shayi, bayan sati uku ya dawo layi, ta wanke shi kamar ba a yi ba, sai dai ta ja masa kunne da ƙarfi wajen aski. Masu sha ba su daina sha ba. Da yawa sun karɓi katin sun ɓatar, ta sake kai su. Abin da ya sauya kaɗan ne, amma muna ganinsa. Toader, wanda ya kama ɗaki a bakin kogi, ya kafa doka cewa duk wanda ya kwana a ƙofar shago ya share ta kafin ƙarfe bakwai, kuma girman jikinsa ya isa ya sa a bi. Mu kuma muka san sunayensu. Yana da wuya ka watsa wa mutum bilic bayan ka san sunansa da ciwon da ke damunsa. Pandele dai bai tsira ba, manyan kantuna suka ƙarasa abin da ya rage na cinikinsa, ya rufe. Duk da haka ranar Alhamis yana zuwa, shi ne mai yanke farce, yana yi yana zage-zage.

Tana da shekara saba'in da tara ta faɗi, ranar Alhamis, a rumfar buhuna, buta a hannunta. Shanyewar ɓarin jiki ce. Kwana huɗu ta yi a asibiti ba magana. Ilinka ta iso daga Italiya a rana ta uku, ta same ta da rai.

Ranar jana'iza mun ɗauko hayar motar gawa. Da aka sauko da akwatin daga hawa na huɗu, sai muka tarar da layin cike. Sun fi ɗari. Wasu na sani, wasu na daɗe ban gani ba, sun yi ƙiba, sun zo da mata da yara daga wasu garuruwa. Waɗanda ke titi har yanzu, tun jajibiri suka yi layi a bayan shagona, ba ranar wanka ba, suka wanke kansu da kansu, suka aske wa juna. Toader ya dafa kafaɗar direban.

"Yi haƙuri, ɗan'uwa, je ka huta. Tanti ba ta hau mota ta zo wurinmu ba."

A kafaɗa suka ɗauke ta, akwatin a buɗe kamar yadda ake yi, shida-shida suna karɓeɓeniya, masu ɗingishi da masu rawar hannu, kowa sai da ya ɗauka ko taku goma ne. Daga bayan kasuwa zuwa maƙabarta tafiyar awa ɗaya ce, mun yi biyu da rabi. Shagunan layinmu duka suka sauke ƙofofi. A mararrabar tasha motoci suka tsaya, ba wanda ya danna oda. Fadan coci ya yi ta waiwaye yana mamakin jama'a, don shi an ce masa wata tsohuwa ce mai wankin banɗaki.

Ilinka tana gefena, ta riƙe hannun rigata.

"Nea Nistor, su wane ne waɗannan?"

"'Yan ɗakinku ne."

Ashe ba ta sani ba. Shekara goma sha ɗaya suna waya kowace Lahadi, uwar ba ta taɓa faɗa mata ba. In ta tambaye ta me take yi da ranakunta, sai ta ce ba komai, zaman tsufa. Da aka zo raba dafaffiyar alkamar sadaka a bakin kabari, Ilinka ce ta karɓi cokali, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambayar kowa sunansa.

Dole ta sayar da ɗakin, tana da nata yaran da nata nauyin, ba wanda ya ga laifinta. Amma sayarwar na nufin duk wanda ke rubuce a adireshin zai koma ba kowa ba. Muka sake taro a shagona. Wannan karon ba hayaniya. Na jera kwalayen takalman a kan kanta, kowa ya zo ya ɗauki iya abin da zai iya. Mai kemis ta ɗauki biyar, wanzami huɗu, Pandele shida, wai gidansa dama ba kowa sai shi da kyanwa. Ni na ɗauki tara. Matata ta ce da ta san auren mutum goma za ta yi da ta sake shawara. Shaguna uku suka ce ba ruwansu, muka ƙyale su. Mu bakwai muka raba abin da mace ɗaya ta ɗauka, kuma har yau nishi muke yi.

Bayan kamar wata takwas, wata rana da hantsi, wata mata ta shigo shago da jakar leda biyu. Daga ganin takalminta ta yi tafiya mai nisa. Ba ta dubi burodi ba. Ta ciro wata 'yar takarda da ta sha ninki, ta miƙo mini. An rubuta da fensir: Tanti Safta, Layin Tasha, a tambayi mai burodi. Ta ce a wani gari can arewa, kusa da kan iyaka, wani mutum a ɗakin jiran fasinja ya rubuta mata, ya ce in ta isa nan za ta sake zama mutum a takarda.

Na ce mata Tanti ta rasu tun bara.

Ta karɓi takardar ta mayar cikin rigarta, ta sunkuya za ta ɗauki jakunkunanta.

"Tsaya mana," na ce. "Ina za ki? Yaya sunanki?"

"Aglaia."

"To Aglaia, zauna a kujerar nan ki ci wani abu. Bari in sallami mutanen nan in kira matata."